Baƙin tabo a dunduniya: me ke nuna sankarar fata za ta yaɗu ko za ta tsaya?

Tambaya

Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu manomi ne, shekarunsa 64. Kusan shekara biyu ke nan da wani baƙin tabo ya fito masa a dunduniyar ƙafar hagu. Da farko mun ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, har wanzami ya tsaga wurin bai ga komai ba. Daga baya wurin ya taso, ya fashe, in ya taka sai jini. Wata biyu da suka wuce aka yanke shi a asibiti, aka aika naman gwaji. Takardar sakamako ta ce melanoma ce, zurfinta milimita 4.5, ta yi gyambo a sama, kuma tazarar da aka bari tsakaninta da bakin yanka milimita 3 ce. Likitan ya ce sai an sake aiki, kuma lamarin ba ƙarami ba ne. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne tabon bai fi faɗin kwabo ba. Maƙwabcinmu gyambonsa na ƙwauri ya kai tafin hannu, shi ma aka ce daji ne, aka yanke, yau shekara shida yana zuwa gonarsa. Yanzu kuma Baba yana da ɗan ƙulli a matsematsi, ba ya masa ciwo. Wasu 'yan'uwa sun ce ƙarfen da aka taɓa ciwon da shi ne ya tayar da shi, kada a sake. Me likitoci ke dubawa su gane cutar za ta yaɗu? A wane matsayi Baba yake?

Wani mai karatu daga Funtuwa

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba Baba lafiya, ku kuma sannunku da jinya. Bari in fara da abin da ba ya jira. Likitan da ya ce a sake aiki ya yi daidai, kuma ƙullin matsematsin nan a duba shi cikin makon nan, kada a ce sai an gama girbi. An fi son aiki na biyu ya biyo bayan na farko da mako 4 zuwa 6, ku kuwa kun riga kun cika wata biyu.

A melanoma, wato irin sankarar fatar da aka samu a jikin Baba, faɗi ba shi ne abin tsoro ba, zurfi ne. Dalilin yana cikin ginin fatar kanta. Fata hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda ido ke gani, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, babu kuma siraran magudanan da ke kwashe ruwan jiki zuwa kaluluwa. Waɗannan duka suna hawa na biyu, sai kitse a ƙarƙashi. Ƙwayoyin da ke ba fata launi suna zaune ne a gindin hawan sama, kuma daga cikinsu melanoma ke tasowa. Muddin ba ta wuce hawan sama ba, ko da ta mamaye rabin tafin ƙafa, ba ta da ƙofar fita. Aka yanke ta duka, an rabu da ita. Da zarar ta huda ta shiga hawa na biyu, ta isa inda hanyoyi suke, kuma duk ƙarin zurfin da ta yi, ƙarin magudanai ne take tararwa, masu faɗi fiye da na sama.

Wani likitan gwajin tsoka a Amurka, Alexander Breslow, shi ya nuna wannan a 1970, shi ya sa za ka ga sunansa kusa da lambar zurfin a takardarku. A ƙarƙashin madubin gwaji ake auna shi, daga saman fata mai rai zuwa ƙwayar daji mafi nisa a ƙasa. Kantar tafin ƙafa, duk kaurinta a ƙafar manomi, ba a lissafa ta. Breslow ya lura cewa wadda ba ta kai milimita 0.76 ba da wuya ta yaɗu. Kaurin katin ATM ke nan. Jera kati shida ɗaya kan ɗaya, ka ga zurfin ta Baba.

Tsarin da asibitoci ke bi a yau, wanda kwamitin AJCC na Amurka mai tsara matakan cutar daji ya sabunta aka fara aiki da shi a 2018, ya raba zurfi gida huɗu: zuwa milimita 1, sama da 1 zuwa 2, sama da 2 zuwa 4, sai abin da ya haura 4. Ta Baba tana gida na huɗu.

Abu na biyu a nauyi shi ne gyambon da takardar ta ambata. Ba miki na wuƙar wanzami ake nufi ba. Likitan gwaji yana ganin cewa dajin da kansa ya cinye fatar da ke rufe da shi, kuma wannan hali ne na ƙwayoyi masu saurin girma da ɓarna. Melanoma biyu masu zurfi ɗaya, wadda ta fashe ta fi haɗari, kusan daidai da wadda ba ta fashe ba amma ta fi ta zurfi da gida guda. Zurfi sama da milimita 4 tare da gyambo shi ake rubuta T4b. Idan bincike ya nuna babu komai a kaluluwa da sauran jiki, mataki na IIC ke nan.

Ga alƙaluman da suka fito daga bayanan majinyata sama da 46,000 da aka gina tsarin a kai. Adadin waɗanda melanoma ba ta kashe ba bayan shekara 5: a mataki na IA kashi 99 cikin 100, IB kashi 97, IIA kashi 94, IIB kashi 87, IIC kashi 82. Da cutar ta isa kaluluwa an shiga mataki na III, kuma shi ma hawa huɗu ne: IIIA kashi 93, IIIB kashi 83, IIIC kashi 69, IIID kashi 32. Duba da kyau, za ka ga abin da ke ba ɗaliban likita ma mamaki: mai mataki na IIIA, wanda cutar ta riga ta taɓa kaluluwarsa, ya fi mai IIC kyakkyawan sakamako. Siririyar melanoma da ta aika 'yan ƙwayoyi kaɗan zuwa kaluluwa ɗaya ta fi sauƙi a kan mai kauri da gyambo wadda ba a ga komai a kaluluwarta ba tukuna, domin mai kaurin tana iya bi ta jini kai tsaye ta tsallake kaluluwar. Saboda haka ko sakamakon matsematsi ya fito lafiya lau, Baba zai ci gaba da zama majinyacin da ake sa wa ido sosai.

Alƙaluman nan kada a ɗora su a kan Baba kamar hukunci. Yawancin mutanen da aka ƙirga turawa ne na Amurka, Turai da Ostireliya, melanomarsu a baya da ƙirji da hannu take, rana ce ta haddasa ta, kuma an binciki kaluluwarsu da kyau kafin a sa su a mataki. Ta baƙar fata daban take. A tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce take fitowa, rana ba ta da hannu a ciki, kuma ta fi zama inda nauyin jiki ke sauka, wato dunduniya da gaban tafin ƙafa. A Amurka ma, inda magani yake a wadace, baƙaƙen fata masu melanoma kusan kashi 70 ne ke kai shekara 5, turawa kuwa sama da kashi 90. Babban dalilin shi ne jinkiri. Ba kowa ke juya tafin ƙafarsa ya duba ba, in an gani kuma a ce ƙaya ce, ko kaushi, ko jini ne ya kwanta. Shekara biyun da kuka ambata ita ce ta mayar da milimita ɗaya ta zama huɗu da rabi. Ban faɗi haka don ku zargi kanku ba. Haka labarin yawancin masu wannan cuta yake a asibitocin arewa.

Ƙullin matsematsi

A melanomar da ba ta tafi nesa ba, babu abin da ya kai halin kaluluwa nuna yadda gaba za ta kasance. Ruwan jikin ƙafa matsematsi yake zuwa, na hannu hammata, na kai da fuska wuya. Gefen dunduniya na waje wani lokaci yakan fara zuwa bayan gwiwa, don haka a tabbata likita ya lalubi nan ma, an cika mantawa da shi.

Ƙulli a matsematsin manomi ba lallai daji ba ne. Mai yawo a gona ƙafa ba takalmi, yau faso gobe ƙaya, kusan kullum za a taɓa 'yar kaluluwa a matsematsinsa, ga kuma mikin aiki da bai daɗe da warkewa ba. Kaluluwar ƙwayar cuta takan yi ciwo, da taushi, tana gudu a ƙarƙashin yatsa, ta sace in mikin ya warke. Ta daji takan yi tauri, ta zama dunƙulalliya, ba ciwo, tana ƙaruwa a hankali, daga baya ta manne da 'yan'uwanta ko da naman ƙasa. Rashin ciwon da kuka lura da shi bai kwantar mini da hankali ba. Amma yatsa ba ya yanke hukunci. A yi sikanin na matsematsi, a zura siririyar allura cikin ƙullin a zuƙo ƙwayoyi a duba. Aikin minti kaɗan ne, ba a sa barci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙare a sake wani, wata uku su shuɗe. Ga mai melanoma mai zurfin milimita 4.5, allura ce farko.

Idan an ga daji a ciki, uku ake ƙirgawa: kaluluwa nawa ya kama, ta yaya aka gano su, sun manne ko ba su manne ba. Wadda madubi kaɗai ya gani ta fi wadda hannu ya taɓa sauƙi. Ga mai T4b irin Baba, kaluluwa ɗaya zuwa uku mataki na IIIC ne. Huɗu ko fiye, ko waɗanda suka dunƙule suka manne, IIID ne. Ka ga tazarar da ke tsakanin kashi 69 da kashi 32, kuma abin da ke raba su a lokuta da yawa watanni ne na jira. Maganinsa tiyata ce ta kwashe kaluluwar matsematsin gaba ɗaya. Aikin yana da wahalarsa: ruwa yakan taru a wurin har sai an bar robar tsiyaya na kwanaki, mikin yakan yi jinkirin haɗewa, kuma wasu ƙafarsu takan zauna a kumbure, sai an riƙa ɗaga ta ana sa safa mai matsewa. A faɗa wa Baba wannan tun kafin aiki, kada kumburin ya zo a ce cutar ce ta dawo.

Idan allura da sikanin ba su ga komai ba, akwai gwajin da Donald Morton ya fito da shi a 1992. Ana yin allurar shuɗin ruwa ko wani sinadari mai alama a gefen tabon aiki, a bi shi a ga kaluluwar da ya fara shiga, a cire ita kaɗai a duba. Ana shawartar yin sa ga duk melanomar da ta wuce milimita 1, ana kuma tattauna shi daga 0.8. A masu zurfi sama da 4, kusan ɗaya cikin uku ake samun daji ɓoye a wannan kaluluwa. Lokacinsa shi ne ranar aiki na biyu, kafin a faɗaɗa yanka a juya fata, domin babban yanka yana rikita magudanan, alamar ta bi wata hanya. Ba kowane asibiti ke yi ba. Inda babu, sikanin na matsematsi duk wata 3 zuwa 4 shi ne madadin da ya fi kusa.

Ku kuma duba fatar da ke tsakanin dunduniya da matsematsi. Ƙananan ƙuraje baƙi ko masu launin fata, masu tauri, a kewayen tabon ko a ƙwauri da cinya, ƙwayoyi ne da suka maƙale a hanya. Ko ɗaya aka gani an shiga mataki na III, ko da kaluluwa lafiya take.

Akwai wasu layuka a takardar da ba ka ambata ba, ka koma ka nema. Ɗaya yana ƙirga ƙwayoyin da aka kama suna tsakiyar rabuwa gida biyu a kowane murabba'in milimita. Sifili ko ɗaya alama ce mai kyau, yawansu kuwa yana nuna saurin girma. Wani layin yana faɗin ko an ga daji a cikin jijiyar jini ko magudanar ruwa, ko yana bin jijiyar ji. Na farko yana ƙara yiwuwar yaɗuwa, na biyu yana ƙara yiwuwar dawowa a wurin. Idan babu waɗannan a rubuce, likitanku yana iya neman ɗakin gwajin ya ƙara. Tsufa da kasancewa namiji su ma suna ɗan karkatar da sakamako zuwa ƙasa, haka raunin garkuwar jiki, shi ya sa ake gwajin HIV ga kowa ba don zargi ba.

Maganar ƙarfe, da tazarar milimita 3

Cewa ƙarfe na tayar da daji magana ce da ta kashe mutane da yawa, kuma ana iya ganin inda ta samo asali. Mutum ya zo a makare, cutar ta riga ta fita ba a gani, aka yi aiki, bayan wata huɗu ƙulli ya bayyana, sai a ce wuƙa ce. Tun kafin wuƙar ƙwayoyin suna can. An kwatanta majinyatan da aka ɗebi yanki kaɗan na melanomarsu don gwaji da waɗanda aka cire tasu ɗungurungum, ba a ga yankan ya ƙara yaɗuwa ba. Abin da ke cutarwa shi ne aikin da aka yi rabi aka tsaya, da sakiya, da maganin da ke cinye nama. Suna ƙone saman, gindin yana nan, sannan sun lalata abin da za a auna zurfi da shi. Haka in aka yanke tabo aka jefar, ko aka sa naman a ruwa ko ruwan gishiri maimakon famalin, wato ruwan maganin da ake adana naman gwaji a ciki. A famalin mai kashi 10 ake sa shi nan take, ruwan ya ninka naman kamar sau goma.

Milimita 3 da aka bari a aikin farko ba kuskure ba ne. Haka ake yi da gangan: a cire da tazara kaɗan, milimita 1 zuwa 3, a san ko mene ne, a auna zurfi, sannan a dawo a yi yankan da ya dace da zurfin. Wadda ba ta wuce hawan sama ba, rabin santimita zuwa 1. Zuwa milimita 1, santimita 1. Tsakanin 1 da 2, santimita 1 zuwa 2. Sama da milimita 2, santimita 2 ta kowane gefe, a nutsa har shimfiɗar da ke ƙarƙashin kitse. Baba santimita 2 yake bukata, an ba shi ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na hakan. Melanomar tafin ƙafa kuma tana da halin miƙa ƙwayoyi a gefe fiye da inda baƙin ya tsaya. In aka bar ta haka, dawowa a bakin tabon abu ne da ake tsammani.

Ramin da zai rage a dunduniya ba ya ɗinkuwa kai tsaye. Ko a yi dashen fata daga cinya, ko a juyo fata mai kauri daga kwarin tafin ƙafa, inda ba ya taka ƙasa. Ta biyun ta fi jure taku, kuma ga mai komawa gona wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Yanke ƙafa ba ya cikin lissafi a irin wannan hali, kuma ba ya ƙara tsawon rai fiye da yankan santimita 2. Yatsa ake cirewa in cutar a yatsa ko farce take ta yi zurfi. Ku gaya wa Baba wannan da wuri, domin tsoron a guntule ƙafa shi ke hana dattawa da yawa komawa asibiti.

Maƙwabcinku kuwa, daga yadda ka siffanta, ya fi kama da wata sankarar daban, sikwamos, wadda ke tasowa a tsohon gyambo ko tabon ƙuna bayan shekaru 20 ko 30. Ita ce ake yawan gani a asibitocinmu, a ƙwaurin masu daɗaɗɗen gyambo da kuma fuska, kunne da wuyan zabiya. Taurin tsohon tabo yana toshe magudanan ruwa, shi ya sa takan daɗe tana faɗi a wuri ɗaya. Wanda aka yanke masa kafin ta ƙetare tabon yakan warke sarai. In ta ƙetare kuwa ba ta da sauƙi ko kaɗan: sikwamos ta yau da kullum ƙasa da kashi 5 ne ke yaɗuwa, ta tsohon tabo kuwa tana kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. A sikwamos faɗi yana da ma'ana, ana fara damuwa daga santimita 2, tare da zurfin da ya wuce milimita 6 ko ya ratsa kitse, bin jijiyar ji, zama a leɓe ko kunne, da ƙwayoyin da suka rikiɗe har ba sa kama da fata. Akwai ta uku, besal, wadda ke cin wurin da take amma kusan ba ta zuwa ko'ina. Duka sunansu dajin fata, amma ma'aunin kowacce daban, kuma ba a auna Baba da maƙwabcinsa.

Idan ta tafi nesa

Da zurfi irin wannan da ƙulli a matsematsi, ya dace a yi hoton siti-sikan na ƙirji, ciki da ƙugu kafin babban aiki, da na ƙwaƙwalwa in an tabbatar da kaluluwar ko akwai ciwon kai sabo. Hoton ƙirji na yau da kullum da sikanin hanta sun fi babu, amma ƙananan ƙulli suna ɓace musu. A mataki na IV wurin da ta sauka shi ke magana. Fata mai nisa ko kaluluwa mai nisa sun fi sauƙi, sai huhu, sai hanta da ƙashi da sauran kayan ciki, ƙwaƙwalwa ce mafi tsanani. Ana kuma auna sinadarin LDH a jini. Hauhawarsa a wannan mataki alama ce ta cuta mai yawa.

Ruwan kemo na gargajiya ba ya yi wa melanoma abin kirki, mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ƙullinsu ke raguwa, shi ma na ɗan lokaci. Gashi da na'ura yana da amfani wajen rage ciwon ƙashi, ƙullin ƙwaƙwalwa, ko rage dawowa a matsematsi bayan aiki. Abin da ya sauya lissafi shi ne magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta yaƙi dajin: ipilimumab a 2011, pembrolizumab da nivolumab a 2014. Kafin su, yawancin masu mataki na IV ba sa cika shekara. A babban gwajin da aka haɗa nivolumab da ipilimumab, kusan rabin majinyata suna raye bayan shekara 5. Tun 2021 ana ba da pembrolizumab na shekara ɗaya ga masu IIB da IIC bayan aiki don rage dawowa. Gaskiya biyu ne a nan da ya kamata ku ji tun yanzu. Melanomar tafin ƙafa ba ta amsa waɗannan magunguna kamar ta turawa. Canjin ƙwayar gado da ake kira BRAF, wanda ke da nasa ƙwayoyin sha, yana cikin kusan rabin melanomar turawa amma ƙasa da ɗaya cikin biyar na ta tafin ƙafa. Sannan tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje. A ganina, iyalin da kuɗinsu ƙididdigagge ne su fara zuba shi a allurar matsematsi, hoton jiki da cikakken aiki a hannun ƙwararre. Nan ne naira take sayen rai da yawa.

Bayan aiki, yawancin dawowar cutar a shekara 2 zuwa 3 na farko take faruwa, amma melanoma tana iya ɓullowa bayan shekara goma. Ganin likita duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko, sannan a riƙa tsawaitawa zuwa shekara 5, daga nan sau ɗaya a shekara. A gida, sau ɗaya a wata, ɗaya daga cikinku ya duba tabon da rana tsaka, ya shafa ƙafar daga dunduniya zuwa cinya, bayan gwiwa da matsematsi, ya leƙa ɗaya ƙafar da tsakanin yatsu da farata. Tarin da ya wuce mako uku, rama ba dalili, ciwon ƙashi da ke tsananta da dare, ciwon kai da amai da safe, farfaɗiya ko mutuwar ɓarin jiki, waɗannan ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati.

Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne mafi kusa da ku, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku nemi takardar turawa zuwa sashen tiyatar gyaran fata ko sashen cutar daji. Ku tafi da asalin takardar sakamako da bayanin aikin farko, ku kuma roƙi ɗakin gwajin ya ba ku gilasan da aka duba da dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki. Da su ne likitan gwaji na can zai sake auna zurfin, ya cike layukan da suka rage, ya yi gwajin BRAF in an bukata, ba tare da an sake yankar Baba don gwaji ba.